Bana Zan Koma Gida

A wani gari mai suna Zauna-Tukuna, wanda ke da ƙofar shiga ɗaya da ƙofofin fita goma sha ɗaya, ana ba baƙo kati idan ya daɗe bai yi laifi ba. Sunansa Katin Zama na Dindindin. Yana aiki shekara goma. Majalisar Tausayin Baƙi, wadda ta tsara dokar a zamanin Sarki Karamci na Biyu, ta yi bayani tun a shafin farko cewa zaman ne na dindindin, katin kuwa roba ne, roba kuma tana tsufa. Wanda katinsa ya mutu bai sabunta ba, ana raka shi bakin gari a sa shi a mota zuwa inda ya fito. Ana barinsa ya zaɓi ƙofar da yake so cikin goma sha ɗayan. Mutanen garin suna alfahari da wannan sassauci, har yana cikin littafin 'yan makaranta.

A nan nake zaune, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Sunana Kallamu, ina aiki a ma'aikatar ruwa, kuma ni mutumin Kukar Jiya ne. Mu arba'in da uku ne 'yan Kukar Jiya a garin, muna da ƙungiya. Duk Lahadi bayan la'asar mukan taru a falon shugabanmu, Alhaji Ɗanliti. Tsarin taron ba ya canzawa. A yi addu'a, sannan kowa ya miƙe bi da bi ya ce, "Bana zan koma gida." Sauran su amsa, "Allah ya nufa." Bayan nan sai a shiga ajanda, wato zagin garin: burodinsa ba ɗanɗano, mutanensa ba sa gaisuwa, maƙwabci ya shekara bai leƙo ka ba. Kowannenmu yana da akwatin ƙarfe a bayan ƙofar ɗakinsa, na ranar tafiya. Wanda ba shi da akwati ba ma ɗaukarsa cikakken mutum.

Dokar garin ta ce kowace ƙungiya ta kai bayanin tarukanta ga Majalisa duk ƙarshen shekara. Sakatarorin da suka gabace ni takarda ɗaya suke kaiwa, mai layi ɗaya: "An taru, an yi addu'a, an watse." Da aka zaɓe ni shekara tara da suka wuce, na ga wannan sakaci ne. Na shiga rubuta komai: wanda ya yi magana, abin da ya ce, ƙarfe nawa ya faɗa. A shafin ƙarshe na jera sunan kowa da na ɗan'uwansa na gida, da adireshi, saboda ko ta kwana. Duk shekara ina kaiwa a buga, a ɗinke shi littafi, in miƙa da hannuna. A shekara ta uku Majalisa ta aiko mini da takardar yabo. Na sa ta a firam.

Katina ya rage kwana talatin ya mutu na je sabuntawa. Na cika fom, aka ɗauki hoto, na dangwala yatsa goma. Komai ya tafi daidai har na fara tunanin abin da zan faɗa ranar Lahadi game da lalacin ma'aikatan garin. Sai aka nuna mini ƙofa ta ƙarshe, an rubuta a kanta: Sashen Binciken Niyya.

Mai ofishin ana ce masa Sarkin Niyya. Siririn mutum ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ni hannu. A kan teburinsa akwai littattafai tara masu koren bango. Na gane su tun daga bakin ƙofa.

"Malam Kallamu, kai ne sakataren nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mun daɗe muna son ganinka. Ofishin nan bai taɓa samun aiki mai tsafta irin naka ba."

Na yi godiya. Har na gyara zama.

Ya buɗe wata takarda. "A cikin shekara tara, sau ɗari huɗu da sittin da biyu ka miƙe a gaban shaidu ka ce bana za ka koma gida. Sau shida ba ka halarci taro ba, amma ka aika a faɗa a madadinka. Haka ne?"

"Haka ne."

"Katin nan na mai niyyar zama ne. Kai kuwa mai niyyar tafiya ne. Garin nan ba ya riƙe kowa dole. Za mu taimaka maka ka cika burinka, har mota za mu ba ka."

Ina da mata, Lantana, katinta yana da sauran shekara huɗu. Ina da 'ya'ya uku da aka haifa a garin, ba ruwansu da kati. Saura shekara shida in yi ritaya. Motar kuwa mutum ɗaya kawai za ta ɗauka.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ai magana ce kawai."

"Wace irin magana?"

"Irin tamu. Haka muke faɗa."

"Wato ba gaskiya ba ce."

A Kukar Jiya ana iya ce wa mutum marowaci ko malalaci ya yi dariya, amma ba a ce masa maƙaryaci a zauna lafiya.

Sarkin Niyya ya jawo aljihun tebur ya fito da Fom na Goma Sha Bakwai, Takardar Tabbatar da Cewa Mai Nema Ba Ya Nufin Abin da Yake Faɗa. Ya ce shaidu biyu ake bukata. Ɗaya a nan garin, wanda ya san ni aƙalla shekara goma, zai zo ya yi rantsuwa cewa ƙarya nake yi. Ɗaya kuma daga gida, shi ofis ne zai rubuta masa da kansa.

"Ba sai ka ba mu suna ba," ya ce. "Yana shafin ƙarshe. Barau, yayanka."

A nan na san shaidar gida ta tafi. Yaya Barau shi ne duk Lahadi da safe nake kira, kuma kafin mu gama gaisawa zai ce, "Ɗakinka na nan, ranar Juma'a ma an share shi. Yaushe za ka dawo?" In ce bana. Wani lokaci da ƙyar nake jin sa saboda wata ƙara a bayansa, yakan ce janareton maƙwabta ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana sa a share ɗaki ba zai rubuta wa hukuma cewa mai ɗakin ba ya zuwa ba.

Na fara da Alhaji Ɗanliti. Na same shi a shagonsa na yi masa bayani.

"Ni in je gaban mutanen garin nan in ce ɗan Kukar Jiya maƙaryaci ne?" ya ce. "Me za su ɗauke mu? Haba, Sakatare."

"Alhaji, taimako ne."

"Ba da bakina ba." Ya rage murya. "Littattafan nan. Da sunana a ciki?"

"Kowane shafi, Alhaji. Kai kake buɗe taro."

Ya nemi kujera ya zauna. Katinsa baɗi zai mutu.

"Kallamu, wa ya aike ka?"

"Doka ce ta ce a kai bayani."

"Waɗanda suka riga ka ba su san doka ba ne? Layi ɗaya, Kallamu. Shekara goma sha biyar layi ɗaya yana riƙe da mu, ka zo da iliminka."

Ya ce zai sa ni a addu'a, ya kuma roƙe ni kada in ɗaga maganar a taro.

Na bi ta Kasuwar Gobe, inda muke sayen akwatunan tafiya. Mai rumfar, Maikuɗi, shi ma ɗan ƙungiya ne. Da ya ji matsalata ya ɗaga labulen bayan rumfar. Ashe akwai wata rumfar a ciki, ta kayan nuna niyyar zama: labulen taga da rana ta riga ta cinye, ƙusoshi masu tsatsa na kafawa a bango, da dashen itatuwa a tukwane.

"Wannan mangwaron shekararsa takwas," ya ce. "Ka dasa yau da yamma, ka ce kai ka shuka. Masu bincike suna son itace."

"Mutanenmu suna saye?"

"Ta gaba suke shigowa su sayi akwati, ta baya su zo su sayi mangwaro. Ni dai ban ga kowa ba."

Na ce shaida nake nema, ba itace ba. Ya ce ai shi ba zai iya ba, bana zai koma gida, ba ya son shiga harkar hukuma.

Ban gaya wa Lantana ba. A wurin matar Alhaji ta ji. Ina cin tuwo ta zauna a gefe.

"Baban Rahila, an ce shaida kake nema."

"Ba irin wadda kike zato ba ce. Cewa za a yi ƙarya nake yi."

"Na gane. Wace rana ce?"

Na zauna na rubuta mata abin da za ta faɗa, shafi biyu, cikin lafazi mai kare mutunci: cewa maigidana mutum ne mai kishin mahaifarsa, wanda yanayi ya sa maganarsa ta riga shirinsa. Ta karɓa ta ajiye a kan firij. Ranar shaidar ta ɗauko leshin da take zuwa biki da shi, ta ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya yi mata. Takardar tana kan firij muka fita.

Sarkin Niyya ya sa ta yi rantsuwa, ya ɗauki biro.

"Hajiya, mijinki ya ce zai koma gida bana. Me kika sani?"

"Ranka ya daɗe, daga ina zan fara?"

"Daga inda ya fi miki sauƙi."

"To, akwatin. Abin da ke ciki tsofaffin littattafan yara ne da dutsen guga da ya lalace. Makullin ya ɓata shekara shida ke nan. Ni nake ɗora kwandon albasa a kai."

Ya rubuta.

"Sai gidan da yake ginawa a can. Duk baƙon da ya zo sai an ɗauko masa zanen. Sau huɗu ana canza shi, yanzu har bene ya samu. Na ga filin da idona. Ko bulo ɗaya babu. Wani maƙwabci ne yake shuka kuɓewa a ciki, kuma kuɓewar tana kyau."

"Lantana," na ce.

"Malam, ba kai aka tambaya ba," in ji Sarkin Niyya. "Ci gaba, Hajiya."

"Zuwanmu na ƙarshe shekara bakwai ke nan. Wata guda muka shirya yi. Ya tafi da ruwan garin nan kwali shida, ya ce na rijiya yana ɓata masa ciki, rijiyar da ya sha har ya girma. Ranar da ruwan ya ƙare, kwana goma sha ɗaya, ya ce an kira shi daga wurin aiki. Wayar tana jakata tun safe. Ba wanda ya kira."

"Burodin garin nan fa? A littafi na biyar ya ce ko akuya ba za ta ci ba."

"Shi yake buɗe layi ranar Litinin. Mai gidan burodin har sunansa ya sani. Kuma yana cewa mutanen nan ba sa ziyara. Bara wani ɗan ƙanen babansa ya sauka ba sanarwa, kwana uku kacal, ya ja ni kicin ya ce in yi dabara in tambaye shi yaushe zai tafi."

Ta yi minti arba'in. Ba ta maimaita abu ɗaya sau biyu ba. Na lura ko sau ɗaya ba ta tsaya neman kwanan wata ba, duk suna kanta. A ƙarshe Sarkin Niyya ya ajiye biro.

"Tambaya ɗaya ta rage. Akwai ranar da kika ga alamar da gaske yake?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Sau ɗaya. Shekara biyar da suka wuce, ranar da aka bugo aka ce Inna, mahaifiyarsa, ta rasu. Ya jawo akwatin har tsakiyar ɗaki. Ya nemi makulli bai gani ba. Ya zauna a kai kamar awa guda. Sannan ya ce ai an riga an binne ta, ya duba jadawalin aiki, ya ga shi ne da safe."

Ba ta kalle ni ba. Ni ma fankar ofishin nake kallo, mai fuka-fukai uku ce.

"Shaida mai kyau," in ji Sarkin Niyya. "Sai dai doka rabin maki take ba shaidar mace a kan mijinta."

"Saboda me?" in ji Lantana.

"Majalisa ta yi bincike, Hajiya. Tun da aka buɗe sashen nan, babu matar da ta zo wannan shaidar ta kasa. Abin da kowa yake ci ba jarrabawa ba ne. Sai mun ji daga gida."

Saura kwana goma sha biyu. Sau biyu na ɗauki waya da niyyar in ce wa Yaya Barau, idan takarda ta zo, ya rubuta cewa ba zan dawo ba. Duk sau biyun ya riga ni: "Ɗakinka na nan." Ban san yadda ƙane yake buɗe baki ya ce wa yayansa ya daina share ɗaki ba. Na ce bana. Bai ambaci wata takarda ba, ni ma ban tambaya ba. Na kira mai gyaran makulli ya fasa akwatin. Na fitar da dutsen gugar, na jera riguna. Na je bakin gari na duba ƙofofin goma sha ɗaya, na zaɓi ta bakwai, ta fi inuwa.

Ranar da ya rage kwana ɗaya aka kira ni. Ina shiga na ga sabon kati a kan tebur, da hotona.

"Barka, Malam Kallamu. Shaidar gida ta iso. Cikakken maki."

Na ce ban gane ba. Ya ce Dokar Gaskiya da Bayyana Komai ta wajabta a nuna wa mai nema duk abin da ke fayil ɗinsa, ya miƙo mini takarda. Rubutun Yaya Barau ne, mai kwanciya gefe guda.

"Zuwa ga hukumar da ƙanena yake hannunta. Bayan gaisuwa. Kun tambaya ko Kallamu zai dawo. Ba zai dawo ba. Mun san haka tun zuwansa na ƙarshe. Ɗakinsa, bayan rasuwar Inna mun fasa bangonsa ta wajen titi, mun sa injin markaɗe, da shi gidan yake cin abinci. Idan kuka koro shi ba mu da inda za mu sa shi. Don Allah ku riƙe shi, mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Muna ce masa ɗakin na nan ne saboda shi ma yana ce mana yana tafe, kuma ba ma son mu riga shi dainawa. Ina roƙo kada ku nuna masa wannan takarda. Barau."

Na karanta sau biyu. Babu kuskure a ciki, sai dai bai sa kwanan wata ba.

Sarkin Niyya ya buga hatimi a Fom na Goma Sha Bakwai, ya nuna mini inda zan sa hannu, a ƙarƙashin layin da ya ce an tabbatar mai nema ba ya nufin abin da yake faɗa. Na sa. Ya ba ni katin da hannu biyu, ya ce garin yana farin cikin ci gaba da zama da ni har shekara goma.

Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Af, Sakatare. Don a rage wa mutanenka wahala idan lokacinsu ya zo, ofis ya riga ya aika wasiƙu arba'in da biyu zuwa Kukar Jiya. Adireshin duk suna littafinka. Amsa talatin da tara sun iso."

"Yaya suke?"

"Masu ƙarfi ne ƙwarai. Mutanenku na gida sun iya rubutu."

Ranar Lahadi da safe na kira gida. Ƙarar tana nan a bayansa, tana tashi tana sauka, har na ji wata mata tana cewa a ƙara ruwa.

"Ɗakinka na nan," in ji Yaya Barau. "Shekaranjiya aka share. Yaushe za ka dawo?"

"Bana, Yaya, in Allah ya yarda."

"Allah ya nufa. Ka yi haƙuri da ƙarar nan, janareton maƙwabta ne."

"Ba komai, Yaya. Ina jin ka sarai."

Lantana ta mayar da kwandon albasa kan akwatin. Bayan la'asar na ɗauki littafi na goma na tafi taro. Falon ya cika, ba wanda ya yi fashi. Aka yi addu'a. Alhaji Ɗanliti ya miƙe, ya kalli biron da ke hannuna, ya kalli jama'a, ya gyara babbar riga.

"Bana zan koma gida."

"Allah ya nufa."

Ya ƙara da cewa jiya ƙanensa ya bugo masa waya, an sake yi wa sashensa fenti, shuɗi, har an sa sabon labule, shi kaɗai ake jira. Jama'a suka yi masa barka. Maikuɗi ya ce shi ma nasa ɗakin an canza masa kwano.

Na rubuta duka, da suna, da lokaci. Ƙarfe huɗu da minti hamsin.